Motar da Aka Yi wa Rufi

Kai da kullum kunnenka ke wajen abin da mutane za su ce, zauna in ba ka misalin wani tsohon direba da aka yi a Jos. Shekara talatin da biyu yana jan tankar mai daga kudu zuwa arewa, har kafaɗunsa suka sage, gwiwar hagu kuwa taka kuloci ya cinye ta. Ranar da ya ajiye aiki ba abin da yake so a duniya irin ya rabu da nauyi. Sai Allah ya haɗa shi da wata 'yar motar Ingila, tun ta zamanin Turawan kuza, tana yashe a bayan gidan wani tsohon akawu, kaji na ƙwai a cikinta. Kujera biyu ce tak, ba rufi, ga ta ƙasa-ƙasa har in ka zauna kana iya shafa kwalta da hannu. Ƙarti biyu sun isa su ɗaga bayanta. Ya sa aka tashe ta. Gudu dai ba wani gudu ba ne, kowace motar zamani wuce ta take yi. Amma fa a kwana, wayyo! Kafin ya gama niyyar juyawa ta juya. Giyarta 'yar guntuwa, da yatsu uku yake sa ta. Duk tsakuwar da taya ta taka sai ya ji ta cikin sitiyari, iska na dukan fuskarsa, injin na gurnani daf da ƙafafunsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kokawa da mota, sai ga shi da furfura ya samu wadda ke jin magana. Kowace Asabar yakan gangara Hawan Kibo ya hawo, ba kaya, ba fasinja, ba mai jiransa. Ya san gwiwar nan ba za ta ba shi fiye da shekara ɗaya ko biyu ba, shi ya sa kowace fita yake jin ta har cikin ransa.

To, ka san bakin mutane. 'Yan majalisarsu na ƙofar gida suka sa shi gaba. Wannan ya ce dattijo guda yana yawo a kwanon sha, wancan ya ce motar da ba ta ɗaukar buhun dankali ai wahalar da mai ce kawai. Ran nan iska ta fizge masa hula a gabansu, aka yi wata guda ana dariya. Uwargidansa ma ta ce ita kam ba za ta shiga abin da rana ke dafa mutum a ciki ba. Tsufa bai hana jin kunya. Ya gaji da tsiyar, ya kai ta wajen mai walda aka ɗora mata rufin ƙarfe. Da aka ga rufi, sai aka ce saura kariyar ɗora kaya a sama, ya sa. Sai aka ce gaban nan ko akuya ta buga ya lotse, ya sa aka liƙa mata shirgegen ƙarfe irin na gaban babbar motar roka. Nauyi ya danne ta, bayanta ya zauna. Nan ne fa halin direban babbar mota ya motsa, don su maganinsu ɗaya ne: in mota ta zauna, a ƙara sifirin. Aka ƙara falle uku-uku a baya. Ta ɗago ta yi tsayi, tayoyin suka zama kamar ba nata ba, sai aka sa manya, aka yanke jikinta don su samu wuri. Wata huɗu tana gareji, gwiwarsa kuwa ba ta jira shi ba.

Asabar ɗin da ya karɓo ta, ya nufi Hawan Kibo. A kwanar farko ya juya sitiyari, motar ta tsaya shawara. Sai da ya sa kafaɗa. Tana tangaɗi, rufin na ƙara kamar ana dukan garwa, zafi ya cika ciki, hanyar ma ya daina jin ta a hannunsa. A hawowa injin ya yi ta kuka a giya ta ɗaya, shi kuma tsohon ciwon kafaɗar nan ya dawo daidai inda ya saba zama. Ya gane ta sarai: tankarsa ce ya sake ƙerawa, ƙarama. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Bai biya gida ba, ya wuce wajen mai waldan ya ce a cire komai, a mayar masa da abarsa yadda take. Mai walda ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya girgiza kai. "Baba, jikin nan tun asali kamar gwangwanin madara yake. Wutar walda ta riga ta ci shi. Ƙarfen da muka sa shi ke riƙe da ita yanzu, in na cire sai dai ku kwashe ta a buhu."

Ya lallaɓa da ita gida. 'Yan majalisa suka taso suna shafa rufin, suna cewa ai yanzu ta zama mota, Baba ya shiga sahun manya. Nan take ɗaya ya roƙi aronta zai ɗauko dankali daga gona. Tsohon ya miƙa masa makulli, ya ja gwiwarsa ya zauna a benci. Bai ƙara tambayar inda take kwana ba.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce garin neman gira a rasa ido.