Wasiƙa ta Ƙarshe zuwa Small Heath

Sau huɗu Habu yana fara wasiƙar yana yagewa. Daga ƙarshe ya ajiye biro, ya sayi tikitin bas na Birmingham.

Kwana tara ya rage wa bizarsa. Kamfanin kula da tsofaffin da yake wa aiki ya rufe, wani bai ɗauke shi ba, digirin da ya kawo shi Manchester kuwa tuni ya bi ruwa. Ya haƙura da wannan duka. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: in ya koma gida, wasiƙar da zai jefa a Kano, kan sarki na Najeriya za ta ɗauko, asirinsa ya tonu.

Margaret ce silar komai. Tsohuwa ce 'yar Scotland, makauniya, ita kaɗai a wani gida a unguwar Levenshulme, Habu ke zuwa ya dafa mata shayi ya ba ta magani. Tana da aminiya tun ta ƙuruciya, Catherine, a Birmingham. Shekara sittin suna rubuta wa juna, ba sa son waya. Da ido ya tafi, Margaret ta faɗa, Habu ya rubuta. Can ma haka ne, hannun Catherine ya shanye, wata mai kula da ita ke riƙe mata biro.

Hirarsu ba ta wuce tatsuniyoyi da al'adun ƙauyensu. Dokin ruwa mai jan yara cikin tafki. Daren ƙarshen Oktoba, da kowa ke ajiye dutsensa a bakin toka, wanda aka wayi gari nasa ya gusa ba zai ga baɗi ba. Da farantin da ake ajiye wa matattu a gaban kujerar da babu kowa a kai.

Wata rana Catherine ta rubuto cewa ta koma wani ƙaramin ɗaki a unguwar Small Heath, nan cikin Birmingham, a riƙa aikawa can. A amsar da Margaret ta sa shi ya rubuta har da wannan: "Wasiƙunki ne kaɗai suka riƙe ni a duniya." Catherine ta mayar mata da cewa ita ma haka.

Wata goma bayan nan Margaret ta rasu. Mutum uku ne a wurin binne ta, har da direban motar gawa.

Habu ya zauna zai rubuta ta'aziyya, sai maganar nan ta Catherine ta faɗo masa. Ya ga kamar shi zai gusar da dutsen Catherine da hannunsa. Sai ya rubuta: "Ƙawata, na koma unguwar Hulme, ga sabon adireshi." Ya sa sunan Margaret.

Wata goma sha huɗu yana wannan ƙarya. Da labaran da ya ji a bakinta suka ƙare, ya koma nema a wayarsa. Ikon Allah, sai amsa ta zo da ragowar labarin tsaf, daga inda ya tsaya. Wani lokacin takardar kan yi ƙamshin turaren wuta, ya ce ai na ɗakinsa ne ya kama ta. Tsohuwar kuma ta ƙara ladabi: ba ta shiga magana sai ta tambayi sanyi, ta tambayi gajiya, ta tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ke tambayarsa gajiya a garin nan sai ita. Ya san ba shi ake tambaya ba, amma yakan karanta sau uku.

Wasiƙarta ta ƙarshe ta ce: "Bana ma zan ajiye faranti. Na gode Allah ba naki ba ne."

Ranar talatin da ɗaya ga Oktoba da la'asar ya sauka a Small Heath, ana yayyafi. Ya wuce masallaci, ya wuce shagunan nama, ya wuce tagogin da aka jera wa kabewar bikin daren, an yanka mata ido da haƙora. Duk hanya yana bitar yadda zai faɗa, kowace dabara ta fi wata muni. In zuciyar Catherine ta tsaya a gabansa fa?

Ya ƙwanƙwasa. Wata matashiya mai hijabi ta buɗe, da rigar aikin kula da tsofaffi, an rubuta Ruƙayya a ƙirjinta. Sallama ta kuɓuce masa. Ta amsa, har da "Sannu da zuwa, Malam."

"Ashe 'yar gida ce," in ji shi. "Wurin Catherine na zo. Daga wajen Margaret nake."

Ta dafe ƙofa. A bayanta ya hango tebur, da faranti ɗaya gaban kujerar da babu kowa, da biro a kan takardar da aka rubuta rabi.

"Don girman Allah, Malam, kada ka gaya mata," ta ce. "Catherine shekara biyu ke nan da rasuwa, ni nake rubutawa, don baiwar Allahn nan ta ce wasiƙun ne kaɗai suka riƙe ta a duniya."