Ranar da Na Ƙwace Faretin Malam Sule

Ina aji biyar a firamare a Karu aka ba ni gangar fareti, don babana makaɗi ne. Ranar da wani oga daga ma'aikatar ilimi zai zo, Malam Sule mai horar da mu ya kwaɗa mini mari a gaban yara.

"Ɗan ƙauye kawai! Nan ba gonarku ba ce. Usur ɗina za ka bi!"

Da la'asar muka jeru, shi a gaba yana taƙama, kuncina na raɗaɗi. Sai na tuna maganar Baba: "Ƙafa ba ta jin tsawa, ganga take ji."

Muna isowa rumfar baƙi na juya kiɗan a hankali zuwa na noma. Duk yaran suka biyo ni, kafaɗu na rawa, har oga ya fara gyaɗa kai. Malam ya busa usur har jijiyar wuyansa ta fito, ba wanda ya kula. Shi kaɗai ya rage yana lef-rai, baƙi na ta dariya.

Bulala goma sha biyu na sha. Yau ma a miƙo mini gangar nan, wallahi sai na maimaita.