Maganin Ƙarin Jini

Warin nake tunawa har yau, kamar na ƙanzon da ya ƙone a tukunya. Babanmu soja ne a barikin Tanout. An tura su arewa, ya bar Inna da ciki, duk ta ɗashe. Matar sarjan ta koya mata dabara: baƙar kwalba daga kantin sojoji, a haɗa da madara, wai tana ƙara jini. Matan sojoji magani suke ce mata, ba mai kiranta giya.

Ran nan Kaka, mahaifiyar Inna, ta sauko daga motar garinsu Falanko bayan azahar, ta tarar da kofin maganin a hannun ’yarta. Ta karɓa ta sansana.

"Tun yaushe kike shan wannan?"

"Tun cikin yana ƙarami, Iya. Magani ne."

"Bakinki ne bakin na ciki," in ji Kaka. "Shi kuwa bai iya tofarwa."

Ba ta yi faɗa ba. Ta tuttular da shi a gindin aduwa, ta zauna ta dama fura. Daga ranar Inna ba ta sake sha ba.

Ƙanena ya zo ɗan mitsitsi, ya yi jinkirin magana, karatun lakwal ya gagare shi. Sai da muka girma wani likita ya gaya mana dalili. Yanzu yana da furfura, kuma ni ke tuna masa ya ci abinci.

Har Inna ta rasu ba ta zargi kowa ba. Abu ɗaya take cewa: "Da ma motar Falanko ta zo da wuri."