Lallashin Uwar Beyar

Muna tsaka da gyaran kifi a bakin teku sai ga wata uwar beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, ta ɓullo daga cikin ciyawa, 'ya'yanta biyu na biye da ita. Ta miƙe tsaye, inuwarta ta rufe ni. A gandun dajin nan namu na gaɓar Alaska babu hanyar mota, jirgin sama ma ba ya sauka kan yashi sai ruwa ya janye. In ta kai maka mari ɗaya, sai dai labari.

Ƙa'idar kowa ya san ta: ba a gudu, ba a ihu. Magana ake yi mata a hankali, ana ja da baya.

Maigidana, mai gadin dajin, wanda tun aurenmu hirarsa ba ta wuce "uhm" da "ina gishiri?" ba, ya ɗaga hannuwa.

"Sannu, kyakkyawa," ya ce da wata murya da ban taɓa ji ba. "Sannu da fama da yara. Dubi duk kin rame. Ɗauki kifin, naki ne."

Ta shinshina iska, ta suri mafi girma, ta juya da 'ya'yanta.

Ya sauke ajiyar zuciya. "Mun tsira!"

"Wa ya tsira?" na ce. "Baban yara, ashe bakin nan ya iya? Biyar na haifa maka, ko sannu!"

Ya dubi idona, ya dubi wuƙar da ke hannuna. A hankali ya ɗaga hannuwa, ya fara ja da baya.

"Sannu, kyakkyawa..."

Abin haushi, ni ma na huce.