Irin da Ma'azu Ya Binne

Shekarar da fari ya kori rabin mutanen ƙauyen Bambeye zuwa birnin Tawa neman tsabar da soja ke rabawa, tsohuwa Zalika mai bugun ƙasa ta ce ruwa na tafe. Maganarta ba ta taɓa faɗuwa ƙasa banza ba, amma yunwa ta toshe kunnuwan mutane. Ma'azu kaɗai, tsohon gwauro, ya saurare ta.

Ya iske ta gindin gawo, ya durƙusa gaban yashin da take duba.

"Zalika, na binne irina cikin busasshiyar gona. Ban rage ko ƙwaya ba."

"Kana da hankali kuwa? In na kuskure fa?"

"Sai mu ci 'ya'yan anza masu ɗaci tare." Ya sunkuyar da kai. "Duba mini, matar da nake so za ta yarda?"

Ta zana layuka a yashin, ta ƙura musu ido, sannan ta share su tana danne murmushi.

"Me ƙasa ta ce?"

"Wannan ba ƙasa ke amsawa ba, Malam, ni ce. Kawo goro."

Bai miƙe ba ɗigon farko ya faɗo tsakiyar yashin. Zalika ta rangaɗa guɗa da kanta.