Gida a Rabin Kuɗi

Ummulkhairi na wanke-wanke a gidan surukanta a Kore Mairuwa, sai ga kiran mijinta Saminu daga Kotonu.

Shekara shida ke nan yana neman ɗan ƙaramin gida mai ɗaki biyu a unguwar masu kuɗi ta bakin teku, inda yake facin taya. Da ya tara kuɗin sai farashi ya yi gaba, don masu nema sun fi gidajen yawa. Ta sayar da kekenta na ɗinki, ta sayar da awakinta, har ta daina tambaya.

Watan jiya wani ya sakar masa gida a rabin kuɗi. A ranar ya biya.

"Na gama haɗa kaya, Baban Nusaiba. Yaushe za mu taho?"

Iska kawai take ji a wayar, sannan muryarsa ta fito.

"Kin ga hoton da na turo miki?"

Ta goge hannu a zane, ta duba. "Na gani. Ruwa ne kawai."

"Nan ne gidan," ya ce. "Teku ya cinye layin shekaranjiya."