Minti Goma na Inna

Shekara shida ke nan da aka haramta wa masu kuɗi ɗaukar nauyin 'yan takara. Gwamnati ce ke ba kowace jam'iyya kuɗin kamfen daidai wa daida, da minti goma a rediyo. Ni kuwa na yi rajistar jam'iyya da sunayen danginmu, na tsayar da mahaifiyata takarar kansila. Kuɗin na shigowa na sayi babur sabo fil.

Ranar Laraba na goya ta zuwa gidan rediyo, don jam'iyyar da ba ta yi magana ba sai ta mayar da kuɗin.

"Inna, gaisuwa kawai za ki yi, ki fito."

Ba gaisuwar ta yi ba. Matan unguwarmu da naƙuda ta kashe a hanyar asibiti ta yi ta kira, kowacce da sunanta, har da yayata Talatu.

Da muka dawo da la'asar, mata sun cika gidan. Baba Kande mai ƙosai ta kwance bakin zaninta, ta miƙo gudummawa kamar ta biki.

Inna ta mayar mata da hannunta. "A'a, Kande, doka ta hana. Kuɗin yawonmu yana hannun Tanimu, ko kwabo bai taɓa ba. Gobe zai kai ni ƙauyuka. Ko ba haka ba, Tanimu?"

Na ce haka ne. Matan suka yi ta sa mini albarka.

Inna kuwa ba ni take kallo ba. Babur ɗin take kallo, da ledarsa da ban ko cire ba.